Babban Yatsan Bahago

Saura kwana tara a fara girbi kogi ya ɓalle ya bi ta kan gonar Bahago. Da safe masara tana tsaye ta fi mutum tsawo, kafin la'asar sai tukkunta ake hangowa a kan ruwa. Kwana shida ruwan ya yi kafin ya janye, ya bar masa ruɓaɓɓen kara da yashi har ƙwauri.

Su biyar ne a gidan: shi, da matarsa, da yara biyu ƙanana, da mahaifiyarsa wadda idonta ya daɗe da yin rauni. Suka cinye ɗan abin da ya rage a rumbu, suka sayar da awaki. Da rani ya yi nisa, wata rana matar ta sauko da buhun iri daga inda yake rataye ta ajiye a gabansa. Da hannunsa ya kwance bakin buhun. Bayan an cinye irin ne ya tafi gari buga bulo. Wata huɗu ya yi yana kwaɓa siminti da hannu yana aiko da abin da ya samu, bai dawo ba sai da ya ga gabas ta fara haɗa hadari.

Ya dawo ya tarar da labari mai daɗi. Gwamnati ta ware tallafi ga manoman da ambaliya ta yi wa ɓarna, kuɗin da zai isa iri da taki da hayar garma. Duk wanda ke cikin rajista zai samu. Bahago yana ciki, shekara uku ke nan da aka ɗauki hotonsa da zanen babban yatsansa na hagu, don da hagu yake komai, daga nan ma ya samo sunan da ya binne na yanka. Abin da ya rage kawai ya je ofishin gona na gunduma ya ɗora yatsan a kan na'ura, a tabbatar shi ne.

Ya hau kekensa tun da sassafe. Ofishin dogon ɗaki ne mai benci huɗu, da fanka ɗaya da ba ta juyawa, da tsoffin hotunan tumatir da shanu manne a bango. A ƙarshen ɗakin wata ma'aikaciya mai tabarau tana zaune bayan kwamfuta, a gefenta ga wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba, mai gilashi a sama. In mutum ya ɗora yatsa ta nuna kore, sai ya tashi yana murmushi.

Da layi ya zo kansa ya goge hannu a riga ya ɗora. Na'urar ta yi ƙara ta nuna ja.

"Sake ɗorawa, Baba. Kada ka danna da ƙarfi."

Ya sake. Ja.

"Goga yatsan a goshinka, ya ɗan sami maiƙo."

Ya goga. Ta sa ya hura masa iska, ta goge gilashin da bakin mayafinta. Sau bakwai suna gwadawa. Daga nan ta ce ya miƙo hannun, ta juya shi ta fuskar taga tana dubawa ta saman tabarau.

"Wane aiki kake yi?"

"Noma, Malama. Amma da ranin nan bulo na buga."

"Shi ya sa. Siminti ya cinye zanen. Dubi yatsanka, sumul kamar bayan cokali. Ba abin da na'ura za ta karanta."

"To a gwada na dama mana."

"Na hagu aka ɗauka, shi kaɗai ta sani." Ta sassauta murya. "Ka ji abin da za ka yi. Nan da sati biyu ake rufewa, ranar Alhamis da ƙarfe huɗu. Fata tana dawowa in an bar ta ta huta. Kada ka taɓa fartanya, kada ka ja igiya, kada ka taɓa toka ko sabulun wanki. Ka riƙa shafa mai safe da yamma. Na ga waɗanda nasu ya dawo."

"Sati biyu? Malama, yashi ne kwance a gonata. In ban kwashe shi kafin ruwa ya sauka ba, ko an ba ni irin a ina zan zuba?"

"Ni dai na faɗa maka abin da na sani, Baba. Na gaba!"

A gida ya zayyana wa matarsa yadda aka yi. Tana tsugune tana hura wuta, sai da ta gama ta miƙe ta karkaɗe zani.

"Ni zan kwashe yashin."

"Ke? Kin san yawansa kuwa?"

"Na sani. Kai kuma ka san wata hanyar?"

Bai sani ba. A daren farko ta shafe masa hannuwa da man shafawar yara, ta nemo tsohuwar safar makaranta ta zura masa har wuyan hannu, ta ɗaure da tsumma. Inna, mahaifiyarsa, ta lalubo hannun ta shafa, ta yi dariya har da tari.

"Ikon Allah. Mu a zamaninmu sai hannun mutum ya yi kanta ake ce masa manomi. Yanzu sai ya yi laushi."

Washegari matar ta ɗauki shebur da babban kwano ta nufi gona. Gonar kashi biyu ce: ta tudu, da ta gangare wajen kogi inda ƙasar ta fi kyau kuma yashin ya fi yawa. Ta fara da ta gangaren. Sai ta cika kwanon, ta durƙusa ta ɗora a ka, ta kai bakin iyaka ta zubar, ta dawo. Bahago yana zaune a gindin bishiya da hannuwa a kan gwiwa yana ƙirga sawunta, har ya daina ƙirgawa don abin ya fara sa shi jiri.

Masu wucewa ba su bar shi ya huta ba.

"A'a, ɗan dambe! Yaushe za a yi karawar, mu zo kallo?"

"Bahago ya zama babban ma'aikaci, sai dai ya duba aiki!"

Yana yaƙe yana amsa musu. Wasu cikinsu kuɗinsu ya riga ya shigo ta waya, har sun kawo buhunan taki a kan babur. Da ma yana da abokai biyu da za su iya taya matar, amma kowa ta kansa yake yi, ruwan bai bar gonar kowa ba. Ɗaya ya zo ya yi rabin yini, ya ba da haƙuri ya tafi.

A rana ta biyar Mai Injin ya tsaya da babur ɗinsa a bakin gonar. Shi ne mai injin niƙa na ƙauyen, shi kaɗai ne kuma ke da iri da taki a ajiye. Ya gaisa, ya tsaya yana kallon matar tana hawowa da kwano.

"Bahago, wannan wahalar ta isa. Ka ba ni ta gangaren shekara uku. Yau ɗin nan in kawo maka iri da takin da zai ishi ta tudun, har da garma. Ka cire wannan safar ka kama aikinka kamar kowane namiji."

"Na gode, Yaya. Amma tallafi na nan zuwa."

"In ya zo."

"Zai zo. Gonar nan ubana bai taɓa ba wa kowa ko taku ɗaya ba."

"To, Allah ya kawo shi," in ji Mai Injin, ya tayar da babur.

Kowace yamma matar takan kwance safar, su fito tsakar gida inda akwai sauran haske su duba yatsan. Wajen kwana na takwas suka fara ganin wasu sirara-siraran layuka, kamar sawun tururuwa a kan ƙasa. Ta riƙe yatsan da hannu biyu tana kallo. A lokacin ne ya lura da nata hannun. Tafin duk ya fashe, wani wurin ya bushe wani yana ruwa. Ta ga inda yake kallo ta janye ta ɓoye a bayanta.

"Gobe ki huta," ya ce.

"In huta wa ya yi?"

Ta fara tafiya a karkace. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Abinci sau ɗaya ake yi a yini, kuma ya san tana rage nata ta ƙara wa yara. Shi da cokali yake ci, a maƙale tsakanin yatsun safa, kamar mai jinya. Akwai ranar da ya ji kukan ya taho masa yana cikin ci, ya tashi ya zaga bayan rumbu ya tsaya har ya wuce.

Rana ta goma sha biyu, saura kwana biyu a rufe, ruwa ya sauka. Bayan azahar ne, matar tana gona, yaran suna gidan maƙwabta. Iska ta fara zuwa, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Magudanar ruwan da ke bayan ɗakunan tun bara take toshe da yashi, don haka ruwan unguwa ya juyo ya daki bangon ɗakin Inna, bangon da ambaliya ta riga ta tsaga.

Ya ji tana kira. Ya shiga ya tarar ruwa ya kai idon sawu, tana zaune a kan gado tana lalube.

"Inna, taso mu fita."

"Ƙafar ta ƙi, ɗan nan. Ina takalmina?"

Ya cicciɓe ta da damatsansa, hannuwa a sama, ya kai ta ɗakinsu ya zaunar. Amma ɗakunan bango ɗaya suka haɗa, in nata ya faɗi zai ja nasu. Ya fita bayan ɗakunan ya fara ture yashin magudanar da ƙafa. Ya gwada riƙe fartanya da gwiwar hannu, ta zame. Ya gwada da hannun dama kaɗai, sara biyu ta kuɓuce. Ya yi ihu yana kiran maƙwabta, ƙarar ruwa a kan kwanon rufi ta shanye muryarsa. Yana tsaye yana kallo wani ɓangare na gindin bangon ya narke ya zube.

Da haƙora ya cizge safar. Ya kama fartanya da hagunsa ya shiga sara. Fatar da ta yi kwana goma sha biyu tana shan mai ba ta jure ba, nan da nan ta yi bororo ta fashe, bai ma ji ba. Ya buɗe magudanar, ruwan ya juya. Yana dawowa tsakar gida iska ta ɓalle kwanon rufin ɗakin Inna ta yo ƙasa da shi ta wajen ƙofar ɗakin da tsohuwar take. Ya kai hagunsa ya tare. Bakin kwanon ya ratsa babban yatsan daga sama har gaɓa.

Ruwan na tsagaitawa matar ta shigo a jiƙe sharkaf. Ta ga safar a cikin taɓo, ta ga tsumman da ya naɗe a yatsa ya rine da jini. Ta ajiye kwanonta. Ta zauna daɓas a ƙasa cikin ruwan.

"Kwana goma sha biyu," ta ce.

"Da in bar ɗakin ya rufta?"

"Ban ce ba."

"To me kika ce?"

"Ban ce komai ba, Baban yara. Kwana goma sha biyu kawai na ce."

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito a hankali. "Da ka bar bangon, ɗan nan. Ni nawa ya rage mini?"



Ranar Alhamis ya tafi duk da haka. Hanya ta lalace, rabin tafiyar tura keken ya yi. Ya tarar layi ya fito har bakin titi, don duk wanda aka taɓa korowa ranar ya dawo. Mai gadi yana tsaye a ƙofa da sanda yana shigar da mutum biyar-biyar. Sai uku da rabi Bahago ya isa gaban teburin.

Ma'aikaciyar ta gane shi. Ya kwance tsumman, ta ga ɓawon ciwon ya raba yatsan biyu, gefe da gefe fata ta saɓule. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Baba, me na ce maka?"

"Ɗaki ne zai faɗa wa mahaifiyata."

Ta kama yatsan da kanta ta kwantar da shi ta gefe. Ja. Ta juya ɗaya gefen. Ja. Ta gwada kan yatsan, ta gwada gindinsa. Ciwon ya buɗe, jini ya ɓata gilashin, ta goge da takarda.

Hotonsa yana nan a fuskar kwamfutar, da hular da har yanzu ita ce a kansa. Ya nuna da hannu.

"Malama, dubi. Wannan ba ni ba ne?"

"Kai ne."

"To ga ni. Ga ni a gabanki. Ga katina, ga mutanen ƙauyenmu a layi, a tambaye su."

"Na san kai ne, Baba. Wallahi na sani. Ba ni ake tambaya ba."

Ta ce akwai takardar da ake cika wa irinsu, amma sai shugaban ofis ya sa hannu kafin ƙarfe huɗu. Ta tashi da kanta ta je ta murɗa ƙofarsa, a kulle. Ya tafi taro babban birni tun jiya. Ta kira wayarsa sau uku, ba ta shiga.

Bahago ya mayar da yatsan kan gilashin ya danna. Na'urar tana ƙara yana dannawa.

"Baba, ɗaga."

"A ƙara sau ɗaya."

"Akwai mutane a bayanka."

"Sau ɗaya, don girman Allah. Matata ce ta kwashe yashin nan da ka. Me zan je in ce mata?"

Ya durƙusa a ƙasa, hannun yana kan tebur. Mai gadi ya taho, ma'aikaciyar ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Wani tsoho da ke bayansa, wanda kansa ke kaɗawa don tsufa, ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Saura minti goma. Ni ma zuwana na huɗu ke nan."

Bahago ya dubi tsohon. Ya janye hannunsa ya miƙe. Ma'aikaciyar ta cika takardar da sauri, ta ce za ta kai da hannunta, amma kada ya sa rai kafin zagaye na gaba.

"Yaushe ne zagaye na gaba?"

"Ban sani ba. Wataƙila bayan kaka."

Bai biya gida ba. Kai tsaye ya wuce wurin injin niƙa. Mai Injin yana zaune a kan buhu, gari ya yi masa fari a gira. Ya sa aka kashe injin don su ji juna.

"Yaya, maganar nan da ka yi mini."

"Wace? Au, ta gona. Ai wancan lokacin ne. Yanzu ruwa ya sauka, taki ya tashi, iri kuma kowa nema yake. Sai dai shekara biyar."

"Uku ka ce."

"Uku na ce ka ƙi."

"An kwashe fiye da rabin yashin. Aikin da za ka biya ne aka yi maka."

"Shi ya sa ban ce shida ba."

Aka kira shaidu biyu, aka rubuta takarda. Mai Injin ya buɗe 'yar kwalbar tawada ya miƙo. Bahago ya nuna masa yatsan.

"Ba ya fita."

"Dangwala kawai. Mu nan ba mu da na'ura."

Ya dangwala. Abin da ya fito a takardar baƙin tabo ne mai tsaga a tsakiya, kowa kuma ya yarda da shi.

Da ya shiga gida da buhun iri a bayan keke, matar ta fito da sauri har tana mance ciwon bayanta. Ta ga tambarin shagon Mai Injin a jikin buhun. Ta tambaye shi wace gonar, ya ce ta gangaren. Ta tambaye shi shekara nawa, ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai, ta koma ɗaki ta kwanta ta juya fuska bango. Kwana uku ta yi a haka, ba kuma don fushi ba. A rana ta huɗu ta fito ta bi shi shuka, yana sara tana zuba iri, tana tafe a sunkuye.

Ta tudun ba ta taɓa yin albarka sosai ba, ga shi an makara. Abin da suka samu zai kai su tsakiyar rani in an yi tattali. Ciwon bayan matar bai warware ba. A asibiti aka ce wani abu ya goce a ƙashin, ta daina ɗaukar kaya, ta ce to.

Ma'aikaciyar ta cika alkawari. Ana cikin girbi waya ta yi ƙara a aljihunsa, ya kai aka karanta masa: tallafin iri da taki ya shigo. Ya ciro kuɗin gaba ɗaya ya kai wa Mai Injin, ya ce ya karɓa har da ƙari in ya sayar da hatsi, a yaga takardar. Mai Injin ya yi dariya ba ta mugunta ba.

"Haba, Bahago. Magana ta riga ta ƙare. Amma in kana son aiki, ina neman masu girbi gobe."

Kuɗin a maganin matar da gyaran ɗakin Inna suka tafi. Aikin kuma ya karɓa. Ya yi kwana huɗu cikin 'yan ƙodago yana karyar masara a gonar gangare, wani yaron gidan Mai Injin da bai san wurin ba yana nuna masa inda iyaka ta tsaya. Ranar ƙarshe aka auna masa ladansa da masara, ya ɗauro a keke ya kawo gida.

Matar tana kwance a tabarma a tsakar gida. Ta miƙa hannu ya ba ta guda ɗaya. Ta ɓare, ta bi ƙwayoyin da farce tun daga gindi har sama, babu giɓi.

"Haka duk ta yi?"

"Haka duk ta yi," ya ce. "Tun da nake ban taɓa ganin ta yi kyau kamar bana ba."